Ƙwallon Dabinon da Ya Raba Ni da Faifan Ailan

Ku yaran yanzu, da kun ga akwatin nan a kusurwar majalisi sai ku kama dariya, wai baffanku Ammi Haruna yana ajiyar tarkace. Jiya ma ɗayanku ya ɗaga mini waya yana cewa duk waƙar duniya tana ciki, dannawa kawai ake yi. To, a yi ta dannawa. Ni dai ku zauna in gaya muku abin da ake kira gyaran garmaho, da yadda faifai guda ɗaya ya hana ni sakat tun gemuna yana baƙi. Ku amsa mini da Larabcinku in kun ga dama, na san sarai kuna jin Hausa.

Aikin farko da Mu'allim Bawa ya ba ni a shagonsa na unguwar Harra ta Gabas a nan Madina shi ne wankin faifai, wato usɗuwana in ji Larabawa. Na ɗauka wasa ne, na nufi famfo da shi kamar mai wanke faranti. Sai na ji saukar mari a ƙeya. Ruwan famfon Madina yana da gishiri, in ya bushe cikin layukan faifai sai allura ta riƙa tafiya tana ƙaras-ƙaras kamar ana soya gyaɗa. Da ruwan batir ake wanki, wanda ba a zuba wa asid ba, a ɗiga sabulu kaɗan, a bi layi da buroshin gashin raƙumi, a goge da tsohuwar gutra, mayafin kan maza, wadda ta sha wanki ta yi laushi. Kuma ta baki ake riƙe shi. Wanda ya sa yatsa a fuskar faifai, ranar ba shi da shayi.

Mu biyu muke koyo. Ɗayan shi ne Idrisa, wanda iyayensa suka zo daga Abeshe ta Cadi. Dogo ne, ba ya magana, in ya zauna a kan aiki ko ƙuda bai isa ya tashe shi ba. Sai dai kunnensa na katako ne, wallahi. A sa masa waƙar Masar, a sa masa ta Indiya, duk ɗaya ne a wurinsa. Ni kuwa tun daga bakin ƙofa nake gane allurar da ta ci, ko bel ɗin da ya saki. Amma kullum Mu'allim sai ya ce, “Ku dubi hannun Idrisa, masha Allah.” Ba a taɓa cewa a dubi kunnen Haruna ba. Tun daga nan abin ya fara cina.

Wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo mana garmaho yana kumfar baki, wai mun sayar masa da allurar banza. Da na duba, sai ga ƙwandalolin girshi guda biyu ya ɗaure da zare a kan hannun allurar don kada ta riƙa tsalle. Ya huɗe faifansa tas kamar mai noma. Haka masu kawo aiki suke. Mata su dawo daga biki da faifai duk danƙon sharba, samari su bar shi a kujerar mota da azahar ya lanƙwashe kamar gurasa. Maganin lanƙwasa shi ne babban sirrin sana'ar. Gilashi biyu masu kauri ake samu, a sa faifan tsakani, a hau soro da hantsi kafin rana ta fusata. A riƙa taɓa gilashin da bayan hannu. In ya yi ɗumin goshin mai zazzaɓi, sai a janye shi inuwa, a ɗora masa baƙin dutsen Harra, a bar shi ya huce don kansa. Ka yi gaggawa, ya koma yadda yake. Ka yi jinkiri kaɗan, layukan su narke, waƙar ta mutu har abada. Ni da Idrisa tare muka koya, rana ɗaya, a soro ɗaya. Ku riƙe wannan.

Bayan Mu'allim ya tsufa ya bar mana shagon, wata rana aka aiko mota daga unguwar Al-Sih, wai Daktor Hamza yana son a duba masa garmaho. Ni na je. Daktor Hamza Takari ne irinmu, kakansa Bakatsine ne da ya zo hajji da ƙafa ya zauna. Gwamnati ta tura shi karatun likita a Dablin ta ƙasar Ailan, ya dawo da takardar shaida da kuma wata cuta da shi kansa bai san maganinta ba, wato tarin faifan waƙoƙin gargajiyar mutanen can. Garmahonsa ƙirar Jamus ne, ban taɓa ganin irinsa ba. Na sauya allura, na daidaita nauyin hannun, na ce ya ba ni faifai mu gwada.

Kai! Abin da ya fito daga lasifikar nan ban shirya masa ba. Goge ne yake gudu kamar ana korarsa, ga wata 'yar sarewa tana binsa, ga ganga mai fuska ɗaya irin mandirin da ake bugawa a zikiri. Akwai kuma wata algaita da Daktor ya ce ba da baki ake busa ta ba, jaka ce ake matsawa da gwiwar hannu. Na ce, “Daktor, waɗannan Nasaran ƙauye ne ko?” Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Manoma ne da masunta, ya Haruna. Su ma rabinsu suna ƙasar wasu suna kukan gida, kamar kakanninmu.”

Shi ya koya mini bambancin bugun farko da maimaici. In waƙa ta fito, faifan da aka fara bugawa shi ne bugun farko. In ya ƙare a kasuwa bayan shekaru aka sake bugawa, wannan maimaici ne. Ya nuna mini yadda ake gane su. Bugun farko yana da nauyi a hannu, kwalinsa kauri gare shi, kuma in ka karkata shi ga haske za ka ga wasu ƙananan lambobi da aka karta da hannu a filin da ke kusa da tambarin tsakiya. Maimaici kuwa sau da yawa sirit yake, ka kaɗa shi ya yi lau-lau. Daktor ya ce tsadar man fetur ce ta sa suka rage masa jiki, domin da mai ake yin robar. Wato man da ya cika Madina da mukayyif, na'urar sanyin nan da ba ku iya barci sai da ita, shi ya ramar da faifan Ailan.

Cutar ta kama ni. Nasara ba ya shiga Madina, sai dai faifansa ya shiga. Akwai ma'aikatan jinya da injiniyoyi 'yan Ailan a Jidda da Yanbu, in za su koma gida sai su zubar da kayansu a haraji, kasuwar gwanjo. Na ƙulla da direbobin hanya, na ce duk kwalin da suka ga hoton mai goge ko koren tsauni su ɗauko mini. Sun sha kawo mini shirme, har da faifan koyon Turanci. A hankali dai na tara nawa. Amma in na jera su na duba, kusan duk maimaici ne, na Daktor kuwa bugun farko. Nakan dawo daga gidansa in dubi kantata in ji kamar in watsar da ita a titi.

A cikin nasa akwai guda ɗaya da ya fi tsaya mini a rai. Wata tsohuwa ce take waƙa ita kaɗai, ba goge ba ganga, kuma da harshensu na asali, ba Turanci ba. Daktor ya ce a ɗakin girkinta aka ɗauke ta. In allura ta sauka, kafin ta fara, za ka ji kujera ta yi ƙara, sannan ta ja numfashi, dogo, irin na wanda zai ɗaga kaya. Sai muryar ta fito. Ban san kalma ɗaya a ciki ba, amma haka kakata take jan numfashi a kan dutsen niƙa a tsakar gidanmu na Harra kafin ta ɗauki waƙar garinsu. Duk sa'ad da na je gyara, sai na ƙirƙiro dalilin gwada allura da wannan faifan.

Ran nan wani direba ya kawo mini shi daga Jidda. Hoto ɗaya, tsohuwa ɗaya. Na rufe shago tun kafin azahar, na ruga gida, na ɗora. Allura ta sauka, sai kawai waƙa ta fara. Ba kujera, ba numfashi. Masu sake bugawa sun ɗauka datti ne, sun yanke shi, sun goge muryar ta yi sumul kamar ta 'yar rediyo. Na maimaita, na sauya allura, na sake. Babu. Ban ci abincin rana ba.

Washegari na kai wa Daktor don ya ji da kunnensa. Muka sa nawa, muka sa nasa. Da aka gama na ɗauki nasa ta baki ina juya shi a haske, sai bakina ya suɓuce. Na ce, “Kai! Ina ma nawa ne.” Haka kawai. Ban ce masha Allah ba, ban ce tabarakallah ba. Ku da aka haifa a nan kun san girman wannan. A garin nan ko ɗan akuyar mutum ka yaba ba ka ambaci Allah ba, in ya yi tari kai ne. Ashe mahaifiyar Daktor, Hajja Kulsum, tana bayan labule ta kawo gahwa, ta ji ni da kunnenta.

Ba a yi mako ba aka ɗauke wuta da tsakar rana a Al-Sih, ana tsakiyar zafi. Daktor yana asibiti. Faifan kuwa tun ranar bai mayar da shi cikin 'yan'uwansa ba, ya jingine shi a jikin tagar yamma. Mukayyif ya tsaya, rana ta doki taga, faifai ya lanƙwashe. Duk wanda ya yi wata ɗaya a sana'armu ya san abin da ya faru. Amma Hajja ta riga ta san nata.

Aka aiko in zo. Na ɗauki gilasaina biyu ina murna za a ba ni aikin rayuwata. Na tarar da Hajja da kanta a majalisi, lulluɓe, ga gahwa ga dabino a faranti. Daktor yana gefe yana kallon silin.

“Zauna, ɗana,” in ji ta, da Hausarta ta Katsinawan da. “Sha gahwa.”

Na sha.

“Ci dabino. Ajwa ce, ƙara.”

Na ce a raina yau na ga karamci. Na ci, na ƙara, ina jera ƙwallayen a gefen faranti. Sai ta miƙo hannu ta kwashe su tas, ta haɗa da finjalin da na sha, ta jefa cikin kwanon ruwa da ke gefenta. Nan na gane. Haka ake yi wa wanda ake zargi da kambun baka, a ɗauki abin da bakinsa ya taɓa, a jiƙa, a zuba wa abin da idonsa ya kama.

Na ce, “Hajja, ni ne mai idon?”

Ta ce, “Ba zargi ba ne, ɗana. Ido gaskiya ne, yakan fita ko mai shi bai sani ba.”

“Hajja, rana ce! Tagar yamma ce!”

“Shekara nawa tagar tana nan ba ta lanƙwasa komai ba sai da ka yi magana?”

Ina ji ina gani ta ɗauko faifan ta kwarara masa ruwan nan. Ruwan famfo, da guntun gahwa, da danƙon dabino, a kan bugun farko! Na miƙe zan ƙwace, Daktor ya riƙe mini hannu ya ce a hankali, “Halas, shi ke nan, ya Haruna. Uwata ce.” Sannan Hajja ta yanke hukunci: a kai shagonmu a gyara, amma dogon nan mai shiru shi zai yi, ni ko inuwata kada ta faɗa kansa.

Da hantsi Idrisa ya wanke shi da ruwan batir, ya haɗa shi da gilasaina, nawa fa, ya hau soro. Ni ina ƙasa ina kwance wata rediyo da ba abin da ya same ta. In ya narkar da shi, numfashin tsohuwar nan ya tafi ke nan, don ban san inda wani yake ba a duk ƙasar. In kuma ya gyara, shi ne gwani. Na rasa wanne zan roƙa. Na leƙa matakala na ce, “Idrisa, taɓa gilashin!” Ya ce, “Na taɓa.” Na ce, “Janye shi haka nan!” Ya ce, “An ce kada ka sa baki.”

Ya sauko da shi bayan la'asar, miƙe sambal kamar ranar da aka buga shi. Muka kai Al-Sih, aka tsayar da ni a bakin ƙofa, daga nan na ji kujera ta yi ƙara, tsohuwa ta ja numfashinta. Hajja ta ce ruwanta ne ya yi aiki. Daktor ya ce hannun Idrisa ne. Idrisa da aka tambaye shi yadda ya ji waƙar, cewa ya yi, “Ba ta tsalle.” Ba ta tsalle! Abin da ya ji ke nan. Daga ranar duk aikin gidan Daktor ya koma hannunsa.

Sai muguwar shekara ta zo mana ta fuska biyu. Kaset ya cika gari, kowane direba yana da shi a mota, ba ya lanƙwashewa a kujera, ba ya son ruwan batir. Kuma aka matsa wa harkar kiɗa, har mutum ya ji nauyin a gan shi da kwalin faifai a hannu kusa da Harami. Masu gidaje suka riƙa fitar da garmaho suna ajiyewa a bakin bola. Sai mu wuni ba wanda ya leƙo. Muka sauke allon shago, muka raba kayan aiki. Ni na koma gyaran lasifikan masallatai, inda kunnena ya ci gaba da ciyar da ni. Idrisa ya shiga kamfanin janareto, ya koma unguwar Bani Harisa da zama.

A shekarar aka mayar da Daktor Riyad. Ya ce ba zai ɗauki tarinsa ba, gidan gwamnati za a ba shi, ga idon mutane. Ya kira mu mu biyu. Na yi wanka na sa sabon tobe, farar jallabiyar nan, tun daga bakin titi nake masha Allah, na yi wa ƙofa, na yi wa tabarma, na yi wa kyanwar gidan. Daktor bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce, “Haruna, na san wanda yake son su. Amma Hajja ta rantse ba za su shiga gidanka ba, wai za ka cinye su da ido. Faifan duka na Idrisa ne. Kai ga garmahon.”

Shi ne akwatin da kuke yi wa dariya. Aka ba kurman zuci waƙa, aka ba ni abin juya ta. Na ɗauko shi a ka har gida, ina tafe ina zagin dabino.

Na yi wata biyu ban yi wa Idrisa magana ba. Daga baya na aika masa cewa ya ɗauki duk maimaicina, ya haɗa da abin da ya ga dama a gidana, ya ba ni guda ɗayan nan. Ya aiko cewa kyauta ba a sayar da ita. Amma ya ce shi ya rabu da nasa garmahon tun da aka rufe shago, in ina so in zo da nawa ranar Juma'a bayan la'asar. Na rantse ba zan je ba. Juma'a na yi na ɗora akwati a tasi.

Haka muka yi ta yi har yau. Sauran faifan ya bar ni in ara in mayar, ban da wannan. Shi yake fito da shi daga kwali da hannunsa, shi yake ɗorawa, ni nawa saukar da allura. Janareto kuma ya ƙarasa abin da ya rage na kunnensa, yanzu ko kiran salla sai ya ga mutane sun miƙe. Sai ya zauna yana kallon fuskata. In ya ga na rufe ido, ya ce da ƙarfi irin na kurame, “Ta ja numfashin?” In gyaɗa kai. Ya ce, “Tayyib,” ya zuba mini shayi. Ba ya ba ni dabino, ya san ba na ci.

Juma'ar da ta wuce haƙurina ya ƙare. Na matsa bakin kunnensa na ɗaga murya har jikokinsa suka leƙo. Na ce, “Idrisa, don girman Allah, me kake yi da shi? Da kunnenka ma ba ka ji ta ba, balle yanzu! Ka ba ni in mutu da shi a ɗakina!”

Ya ɗauke faifan ta baki, ya goge shi da tsohuwar gutra, ya zura a kwali, ya rungume a ƙirji. Ya ce, “In na ba ka, wa zai ƙara zuwa nan ranar Juma'a?”

Na buɗe baki in ce ni mana, sai na rufe, don ya san ni tun muna shan marin Mu'allim, ya san ƙarya zan yi. Na naɗe wayar garmahona na fito ko sallama ban yi ba. Har yanzu haushinsa nake ji, kuma har yanzu faifan nawa ya kamata ya zama, ko a gaban alƙali zan faɗa.

Gobe Juma'a. Bayana ba ya ɗaukar akwatin nan yanzu, sai ɗayanku ya ajiye wayarsa ya kai mini shi mota. Kuma in mun isa ƙofar Idrisa, ku ce masha Allah da ƙarfi. Shi ba zai ji ba, amma ku faɗa.